Littafin shagon aski: niyasinamid, reza da baƙin tabo

9 ga Disamba, 2024

Shekarata goma sha shida ina aski a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma kukan da na fi ji a kan kujerar nan ɗaya ne: ƙurajen aski da baƙin tabon da suke bari a ƙarƙashin haɓa. Da can amsarmu ba ta wuce alimun da man kaɗe ba. Bana kuwa samari sun fara shigo min da 'yan ƙananan kwalabe masu bakin ɗiga, wai siram, sun gani a TikTok. Kusan kowace kwalba an rubuta mata niyasinamid. Tambayar da suke min ita ce, "Maigida, in haɗa shi da wannan?" Sai su zaro wata kwalbar, wani ma har uku.

Na gaji da amsa da ka. Daga yau zan gwada a fuskata, kuma mutum uku sun yarda su shiga: yaron shagona mai shekara sha tara, fuskarsa kullum cikin maiƙo, wani mai mashin da ke wuni a rana, da wani malamin makaranta da wajen aikinsa ba sa son gemu, don haka reza ba ta barin haɓarsa ta huta. Sharuɗɗa uku na kafa. Ba a shigo da sabon abu sai wanda ya gabace shi ya yi mako biyu. Ba a shafa abin da ba shi da takardar sinadarai a jikinsa. Kowace Litinin kuma zan ɗauki hoton kowa a bakin ƙofar shago, a lokaci guda, don kada haske ya yaudare mu.

12 ga Disamba

Na je wajen 'yar kawuna da ke aiki a kantin magani, na zauna kamar ɗalibi. Ta ce niyasinamid ba wani baƙon abu ba ne, nau'i ne na bitamin B3, irin wanda ke cikin gyaɗa da kifi da nama. Na ce to ai ga gyaɗa ga kifin Lagdo, me ya kai mu sayen kwalba? Ta yi dariya ta ce, "Yaya, na ciki aikinsa daban, ba zai bi jini ya je ya nemo tabon haɓarka ba."

Ga abin da na riƙe daga bayaninta. Yana taimaka wa fata ta ƙara yin wani kitse da ake kira seramaid, wanda shi ne kamar yaɓen da ke riƙe tubalan fata kada ruwa ya tsere. Yana rage maiƙo. Game da tabo kuma, ba ya kashe ƙwayoyin da ke yin launin fata, hanya kawai yake ragewa tsakaninsu da fatar sama, ta yadda baƙin ba zai riƙa taruwa wuri guda ba. Wani bincike na 2002 da aka yi a kan mata 'yan Japan ya nuna mai kashi 5 cikin ɗari ya fara rage tabo bayan mako huɗu. Wani na 1995 ya kwatanta mai kashi 4 da maganin ƙuraje kilindamaisin mai kashi 1, aka ga aikinsu ya yi kusa da juna. Na ce mata matan Japan ba su da gemu, ba su kuma san ranar Garwa ba. Ta ce ai shi ya sa littafin nan nawa yake da amfani.

Abin da ya fi tsaya min a rai: yawancin binciken an yi shi ne da kashi 2 zuwa 5. Amma abin da ya cika kasuwa mai kashi 10 ne, har da mai 20, domin babbar lamba ita ke sayar da kaya. Sai da na zaga kantuna huɗu kafin na samu mai kashi 5 wanda ba turare a ciki. Ta kuma koya min karanta bayan kwalba: ana jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka idan sunansa ya faɗo can ƙarshen layi, bayan turare, kuɗin ruwa ka biya.

Yau kowa ya ɗiga kaɗan a bayan kunne. Safe da dare, kwana bakwai, kafin ya kusanci fuska.

23 ga Disamba

Ba wanda kunnensa ya yi ja ko ƙaiƙayi. Mun hau fuska.

Sai ga matsalar da babu mai bidiyon da ya taɓa ambata: alwala. Mutumin da ke wanke fuska sau biyar a rana, yaushe zai shafa abin da ruwa ke narkarwa? Mun tsayar da lokaci biyu, bayan Asuba da bayan Isha'i, saboda su ne suka fi nisa da alwala ta gaba. Malamin makarantar ya tambayi limaminsu ko man yana hana ruwa taɓa fata, aka ce masa abin da fata ta shanye ba shamaki ba ne.

Hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gadar Binuwai da safe, fuskoki sun yi furu-furu. Tsarin da muke bi shi ne mai ruwa-ruwa a fara, mai kauri a rufe da shi. Ɗigo uku na siram a fuska mai ɗan danshi, a jira ya sha, sannan man kaɗe ɗan kaɗan. Ni da dare nakan ƙara basilin a gefen baki inda ke tsagewa. Niyasinamid bai yi faɗa da ko ɗaya ba. Yaron shago kaɗai na hana man kaɗe a goshi da hanci, nasa maiƙon ya ishe shi.

6 ga Janairu, 2025

Yaron nan ya karya sharaɗi, kuma fuskarsa ce ta biya.

Ranar Asabar abokinsa ya yi aure. Da safe, kafin in iso, ya ɗauki reza ya kwashe gemunsa tas, yana bi ta kishiyar yadda gashin ya kwanta don ya yi sumul. Ya bi da sifirit. Ya karɓi siram mai kashi 10 a wajen wani abokin, ya ɗora wani ruwan wanke ƙuraje mai asid a kai, sannan, don a cika ladan gabe, ya matsa lemun tsami a tabon haɓarsa saboda wani ya ce yana saurin goge baƙi. Daga nan ya fita rakiyar ango, a rana, har La'asar.

Jiya ya shigo da haɓa a kumbure, wani wurin ya saluɓe. Abin da ya fara ce min shi ne, "Maigida, wannan niyasinamid ɗin naka bai karɓe ni ba." Na ce masa, "Kai, zauna. Ƙirga min abin da ka zuba wa fuskar nan." Da ya kai na biyar sai ya yi shiru.

Na daɗe ina tunanin wannan da daddare, domin a nan ne na fahimci tambayar da samari ke min ba daidai suke yin ta ba. Suna tambaya ko wannan sinadari yana jituwa da wancan, kamar kishiyoyi. Amma fatar da reza ta bi minti biyar da suka wuce ba irin fatar jiya ba ce. Reza ba gashi kaɗai take ɗauka ba, tana kankare saman fata, tana barin ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Abin da fata za ta ɗauka lafiya ranar Laraba, in an zuba mata shi bayan aski ranar Juma'a sai ya zama wuta. Ga lemun tsami kuma, tsaminsa ya fi ƙarfin fata nesa, kuma a ruwansa da ɓawonsa akwai abin da in rana ta same shi a jiki yake ƙona wurin ya bar baƙi na watanni. Wato yaron ya je goge tabo ɗaya ya sayo babba.

'Yar kawuna ta ce a dakatar da komai, har niyasinamid ɗin. Ruwa, sabulu marar ƙamshi, basilin, hula mai baki, sai fatar ta rufe. In ya fara ruwa ko zafi ya ƙaru, asibiti.

Ni ma na ɗauki nawa laifin. Shekara da shekaru ina watsa wa mutane sifirit bayan aski, suna runtse ido suna cewa yana aiki. Daga yau sifirit na kayan aiki ne. Fuska kuwa ruwan sanyi, sai mai marar turare.

20 ga Janairu

Mako huɗu. Na jera hotuna, ban ga komai ba, in ban da cewa fuskata ba ta yin fari da rana kamar da. Mai mashin ya ce kuɗinsa sun tafi a banza. Na ce masa fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta, tabon da ya yi shekara biyu ba zai tashi a zagaye ɗaya ba.

Na canza yadda nake yi wa mutanen nan aski. Tsumma mai ɗumi a haɓa tukuna, reza sabuwa mai baki ɗaya, a bi kwanciyar gashi, ba a jan fata. Malamin kuma na roƙe shi ya koma kilifa, a bar ɗan tsiro kamar milimita ɗaya. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka yanke shi ƙasa da fata sai ya lanƙwasa ya soki mai shi, daga nan ƙurji, daga ƙurji tabo. Ba siram ɗin da zai ci nasara in kowane mako ana shuka sababbi.

3 ga Fabrairu

Ni da malam mun shigo da abu na biyu, asid salisilik mai kashi 2. Shi mai ne ke narkar da shi, don haka yana iya kutsawa cikin ramin gashi ya sassauta abin da ya toshe. Dare biyu a mako kawai, Litinin da Alhamis a wajena, kuma ba a ranar aski ba, ba kuma washegari ba. Na mayar da askina Asabar saboda haka. A daren asid ba na shafa siram, sai mai kawai. Niyasinamid yana nan da safe. An ce ana iya haɗa su a dare ɗaya, akwai ma kwalaben da ke ɗauke da duka biyun. Na raba su ne don in wani abu ya faru in san mai laifi.

Wani ɗalibin jami'a da ya zo hutu daga Gaundare ya tsare ni da gardama, ana tsaka da musun wasan Coton Sport, wai haramun ne a haɗa niyasinamid da bitamin C, ɗaya yana kashe ɗaya. Na kai maganar kantin magani. Asalin zancen tsofaffin gwaje-gwaje ne na shekarun 1960, inda aka haɗa su cikin ruwa, wasu ma aka dafa su da zafi mai yawa na dogon lokaci. A irin wannan hali niyasinamid yana iya rikiɗa ya koma ɗan'uwansa niyasin, shi kuwa yana sa fuska ta yi ja da zafi na ɗan lokaci. A fuskar mutum, cikin 'yan mintuna, ba haka abin yake ba. Wanda fatarsa ba ta da haƙuri sai ya yi bitamin C da safe, niyasinamid da dare, shi ke nan.

Sai dai maganar zafi ta sa na kalli tagar shagona. Kwalaben da nake ajiyewa a nan rana tana dukansu tun daga hantsi. Na kwashe su zuwa cikin akwati a ƙasa, kusa da randa. Bitamin C ɗin ɗalibin ma da ya nuna min ya riga ya koma ruwan shayi, alamar iska da zafi sun gama da shi.

17 ga Fabrairu

Wani Alhaji da nake yi wa aski tun ina yaron shago ya jira har kowa ya fita, sannan ya zaro wata roba marar suna daga aljihun babbar riga. Haɗi ne, wata mata ke damawa a kasuwa. Wata bakwai yana shafawa saboda baƙin da ke kumatunsa. Na dube shi da kyau a hasken ƙofa: fuskar ta fi wuyansa haske, fatar ta yi siriri har jijiyoyi sun fito, ga ƙananan ƙuraje jere a goshi. Ya ce in ya bari kwana biyu sai fuskar ta ɗau zafi da ƙaiƙayi, dole ya koma. Yana so in ba shi niyasinamid ya riƙa zubawa a ciki don ya gyara.

Na ce, "Baba Alhaji, ka yi min haƙuri, wannan ya fi ƙarfin wanzami. Ban san abin da ke cikin robar nan ba, mai damawar ma ba lallai ta sani ba. In na ɗora wani abu a kai na cuce ka."

Irin wannan haɗin yawanci ba ya rasa ɗayan uku: haidurokwinon mai dusasar da launin fata, ko maganin kumburi mai ƙarfi irin kulobetasol, ko zaiba. Tun watan Agusta na 2022 ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta hana shigo da kayan shafa masu haidurokwinon da zaiba da sayar da su, amma ga su nan a roba ba suna. Yadda fatarsa ta yi siriri, da yadda take tayar da hankali in ya daina, sun fi kama da aikin kulobetasol, kuma shi ba a yanke shi rana ɗaya ba tare da likita ba. Haidurokwinon kuma in an daɗe ana shafawa yana iya juyewa ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ya fi na farko wuyar magani.

Ya tambaye ni ko shi niyasinamid ɗin ba bilicin ba ne. Na ce a'a. A Meziko an taɓa gwada mai kashi 4 a gefe ɗaya na fuska, haidurokwinon mai kashi 4 a ɗaya gefen, a 2011. Haidurokwinon ya ɗan fi ƙarfi, niyasinamid ya fi sauƙi ga fata. Amma ba zai mai da baƙin mutum fari ba, tabo yake dusasarwa ya koma kusa da launin da Allah ya ba ka. Ɗansa zai kai shi wajen likitan fata ranar Laraba. Robar tana nan a ƙarƙashin teburina, ya ce in riƙe kada ya ga ta ya kasa haƙuri, sai ranar zuwa asibiti su tafi da ita.

5 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ya sauko da ƙarfinsa. Man kaɗe ya koma na dare kaɗai.

Mai mashin ne damuwata. Mako goma, tabonsa yana nan daram, kuma dalilin a fili yake: abin da siram ya rage da dare, rana tana mayarwa kafin Azahar. Na sa ya sayi man kariyar rana mai lamba 50. Ranar farko ya dawo yana faɗa, wai ya zama kamar wanda ya fito daga injin niƙa, fasinjoji suna masa dariya. Irin mai sinadarin zinki ne, a baƙar fata yana barin fari. Mun canza zuwa wani mai ɗan launin ƙasa, wannan ya zauna. Siram tukuna, man rana a kai, a sake bayan alwalar Azahar. Sakewar ce ba ya yi. Ya ce mai azumi da ke neman kuɗin cefane ba shi da lokacin madubi. Ban iya ce masa komai ba, sai na ba shi shawarar ya riƙa naɗa rawani ya rufe haɓa kamar mutanen Injamena.

Yaron shago ya warke, ya dawo kan mai kashi 5. Saboda ƙurajensa masu farin kai, an ba shi sabulun ruwa mai benzoyil feroksaid, ya wanke da dare ya ɗauraye, niyasinamid da safe. Fatar ba ta yi ƙorafi ba. Tawul ɗina biyu ne suka yi, da wuyan jallabiyarsa mai ruwan toka, duk sun yi dabbare-dabbare, domin abin yana cin launin tufafi. Yanzu farin tawul gare shi, nasa shi kaɗai.

24 ga Maris

Malam ya je asibiti da kansa, aka rubuta masa maganin ƙuraje na shafawa, adafalin mai kashi 0.1, ɗan gidan su retinol, wato dangin bitamin A. Ya zo yana tambaya ko ya ajiye siram. Akasin haka ma: a nan ne niyasinamid ya fi amfani, saboda irin waɗannan magunguna suna busar da fata su sa ta saɓa a makonnin farko, shi kuma yana taimaka mata ta jure. Tsarinsa yanzu: bayan Tarawihi ya wanke fuska, siram, ya jira ta bushe sarai, adafalin gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga dukan fuska, sannan mai. Dare biyu a mako don farawa. Asid salisilik ya fita daga layi gaba ɗaya, likitan ya ce ba a tara su. Ranar aski ba adafalin. Na kuma ja masa kunne a kan abu ɗaya, da yake na san uwargidansa tana da juna biyu: kada ta taɓa wannan bututun, masu ciki ba sa amfani da dangin retinol.

Layin askin Sallah ya fara. Mutum shida yau sun tambaye ni abin da zai goge musu tabo kafin ranar Idi. Na ce musu ba a fafe gora ranar tafiya, su zo in yi musu aski mai kyau da kilifa, maganar tabo mu fara ta bayan Sallah. Biyu sun ji haushi.

7 ga Afrilu

Mako goma sha biyar. Na jera hotunan farko da na yau a wayar yaron shago, muka duba mu huɗu.

Malam ne ya fi kowa cin riba. Sababbin ƙuraje sun kusa ɗaukewa, tsofaffin tabon sun dusashe, ko matarsa ta lura. Amma shi ne kuma ya bar reza ya koma kilifa, shi ne ya samu adafalin, don haka ba zan iya rantsuwa cewa siram ne ya yi aikin ba. Ni nawa tabon ya ragu kaɗan, maiƙon hancina da rana ya ragu sosai. Yaron shago ƙurajensa sun kwanta, sai dai shaidar lemun tsami tana nan a haɓarsa, faɗin babban yatsa, wata uku ke nan. Mai mashin kusan ba canji, kuma ya faɗa min gaskiya cewa tun tsakiyar azumi kwalbar ke cikin aljihun mashin, a rana. Alhaji ya aiko ɗansa da gaisuwa, likita yana janye masa maganin a hankali, fuskar tana ba shi wahala amma ya daure.

Na rubuta takarda da Hausa da Faransanci na manna a gefen madubi, layi huɗu: ranar aski ruwa da mai kawai; sabon abu ɗaya a mako biyu; kashi 5 ya isa; roba marar suna kada ta shigo shagon nan.

Abin da ya rage shi ne in raba aikin siram da aikin canjin aski. Daga gobe zan ci gaba da shafa niyasinamid a haɓar dama kaɗai, hagu kuwa mai zalla, aski iri ɗaya, har mako takwas. Zuwa lokacin ruwan farko ya sauka, sai kuma mu ga yadda abin ke zama a fuska in gumi da danshin damina suka haɗu. Mai mashin ya ce zai sake farawa in na yarda ya bar kwalbarsa a shago, ya riƙa biyowa bayan Asuba kafin ya ɗauki fasinjan farko. Na ba shi mabuɗi ɗaya.